Yadda Ake Mayar Da Tattaunawar Aji Zuwa Karatun Intanet Da Kowa Ke Shiga A Lokacinsa

Tambayar da malaman jami'o'i da kwalejoji suka fi aiko mini a 'yan kwanakin nan kusan iri ɗaya ce. Malami ya saba raba ɗalibai rukuni-rukuni a aji, ya jefa tambaya, ya zagaya yana saurare, sannan a haɗu a tattara abin da aka samu. Yanzu kuma an ba shi kwas a intanet inda ba a zama tare: wani ɗalibin da asuba zai shiga, wani sai tsakar dare, wani sai bayan kwana biyu. Ya buɗe zauren tattaunawa, ya ce kowa ya rubuta amsa ɗaya ya kuma yi sharhi a kan amsoshin mutum biyu, abin da ya samu bai wuce "na yarda da kai, ka yi bayani mai kyau" ba. Taron tsintsiya ba shara. To yaya za a yi?

A aji, rabin aikin jan ragamar tattaunawa jikinku ne ke yin sa ba tare da kun lura ba. Kun duba agogo kun ce saura minti ɗaya, kun kalli wadda ta yi shiru kun ba ta dama, kun ga tambaya ba ta shiga ba kun sake ta da wasu kalmomi. A karatun da ba a haɗuwa, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai faru sai kun rubuta shi tun kafin mako ya fara, ko dai a cikin umarni, ko a kalanda, ko a saitin manhaja. Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan suke.

1. Ku ɗauki dabara ɗaya, ku warware ta

Kada ku fara da manhaja. Ku fara da dabarar da kuka riga kuka iya a aji. Wadda ta fi sauƙin ɗauka ita ce 1-2-4-All, ɗaya daga cikin dabarun da Henri Lipmanowicz da Keith McCandless suka tattara a ƙarƙashin sunan Liberating Structures. A aji minti 12 take ci: minti 1 kowa ya yi tunani shi kaɗai, minti 2 mutum biyu-biyu, minti 4 huɗu-huɗu, minti 5 kuma aji baki ɗaya. Idan kun saba da tsarin nan na tunani, sai abokin hira, sai gabatarwa, wanda Frank Lyman ya fito da shi a 1981, to kun riga kun san rabinta.

Ku ɗauki takarda ku amsa tambayoyi biyar game da dabarar. Me ake neman mutane su yi? A ina suke yin sa? Wa ke da damar magana, kuma sau nawa? Mutum nawa ne a rukuni? Wane mataki ke bin wane, kuma kowanne nawa ne tsawonsa? Amsoshin nan su za ku kai intanet. Kujerun da ake juyawa da takardun da ake mannawa a bango ba su ne dabarar ba, don haka kada ku ɓata lokaci wajen neman manhajar da ta yi kama da su.

Gargaɗi: dabara ɗaya tak a zangon farko, ko biyu idan ta kama. Kowace sabuwar dabara tana cin wa ɗalibi mako guda kafin ya gane dokokinta. Idan kun maimaita tsari ɗaya sau uku ko huɗu, hankalinsa zai bar tambayar "ina zan danna" ya koma kan darasin kansa.

2. Ku gyara tambayar

Nan ne yawancin tattaunawa ke mutuwa tun kafin ta fara. Tambayar da ke da amsa ɗaya daidai, mutum na farko zai amsa ta, sauran arba'in su sake tufafinta. A aji kuna iya ceto tambaya mai rauni da tambayar bi-baya. A intanet sai bayan kwana biyu za ku gane ba ta yi ba, kuma a lokacin an riga an rubuta amsoshi ashirin.

Ga misali daga kwas na hanyoyin bincike. Tambaya mai rauni: "Mene ne illar zaɓen samfuri ba bisa ƙa'ida ba?" Wannan kwafe ta za a yi daga littafi, ko a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta. Ga yadda za a gyara ta: "Wata mai bincike tana son sanin yadda tsofaffi ke amfani da waya wajen neman bayanin lafiya, sai ta raba takardar tambayoyinta ta kafafen sada zumunta. Wace matsala guda ɗaya ce za ta fi ɓata sakamakonta, kuma da me za ka maye gurbin hanyar idan mako biyu kacal gare ka?" Yanzu dole ɗalibi ya zaɓa, ya kare zaɓinsa, kuma akwai yiwuwar abokinsa ya zaɓi wani abu dabam. Saɓanin nan shi ne abin da za su tattauna a kai.

Kafin ku saki tambaya, ku gwada rubuta mata amsoshi uku mabambanta waɗanda kowace za ta iya samun maki mai kyau. Idan ba su samu ba, tambayar ba ta tattaunawa ba ce, ku mayar da ita gajeren gwaji.

3. Ku mayar da mintuna kwanaki

Wannan mataki shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi na fi son ku zauna a kai. Dokar ita ce: duk inda a aji kuke cewa "to, ku tsaya, mu wuce gaba", a intanet wa'adi ne mai rana da awa. Wa'adi ɗaya a ƙarshen mako ba ya haifar da tattaunawa, domin kowa zai zo a awa biyun ƙarshe ya zuba rubutunsa ya tafi, babu wanda ya karanta na wani.

Ga yadda minti 12 ɗin nan ke zama mako guda:

Litinin da safe tambaya ta fito. Daga nan zuwa Talata da dare kowa ya rubuta amsarsa shi kaɗai, kalma 100 zuwa 150.

Laraba zuwa Alhamis da dare: kowa ya karanta amsar abokinsa guda ɗaya da aka haɗa su, ya rubuta masa inda suka dace, inda suka rabu, da tambaya ɗaya. Abokin ya amsa tambayar.

Juma'a zuwa Asabar da dare: mutum huɗu su haɗa matsaya guda a takarda ɗaya, wadda ba ta wuce kalma 200 ba, tare da abin da suka kasa daidaitawa a kai.

Lahadi: kowane rukuni ya ɗora matsayarsa a babban zaure, kowa ya karanta na rukunai biyu ya zaɓi hujjar da ta fi ƙarfi. Litinin mai zuwa malami ya rufe.

Ku lura da abubuwa uku. Na farko, matakai ukun farko kowanne yana da aƙalla awa 36 zuwa 48, domin yawancin masu ɗaukar irin wannan kwas ma'aikata ne ko masu iyali, wasu ma agogon ƙasarsu ya bambanta da naku. Tagar awa 24 tana fitar da duk wanda ya yi aikin dare a ranar. Na biyu, ranakun ba sa canzawa daga mako zuwa mako. Idan amsar farko Talata ce, to Talata ce har ƙarshen zango. Na uku, ku daidaita ranakun da hutun ɗalibanku, kuma ku rubuta agogon da ake bi a jikin kowane wa'adi.

A ganina matakai huɗu a mako ɗaya sun yi wa kwas ɗin shekarar farko yawa. Ku cire matakin biyu-biyu, ku tafi daga mutum ɗaya zuwa rukunin huɗu zuwa aji. Ko kuma ku baza matakan huɗu a mako biyu. Abin da ba a taɓawa shi ne jerin: tunanin mutum shi kaɗai, sannan ƙaramin rukuni, sannan kowa. Idan aka juya shi, masu saurin rubutu ne za su shata wa aji hanya, kamar yadda masu ƙarfin murya ke yi a zauren lacca.

Gargaɗi: matakin biyu-biyu shi ne mafi rauni a intanet. Idan ɗaya bai shigo ba, ɗayan ya tsaya cik, kuma ba laifinsa ba ne. Ku rubuta mafita tun farko: "Idan abokinka bai saka amsa ba zuwa Laraba da rana, ka ɗauki amsar kowa a rukuninku ka yi aiki da ita." Wasu malaman uku-uku suke haɗawa saboda wannan dalili, kuma hakan ya fi kwanciyar hankali.

Wani gargaɗin: manhajoji da yawa wa'adi ɗaya suke ba kowane zaure. Ku sa sauran wa'adodin a kalandar kwas da hannu, ko ku buɗe wa kowane mataki shafinsa, don sanarwa ta riƙa zuwa wa ɗalibi.

4. Ku raba rukunai da kanku

Mutum huɗu ko biyar. Idan suka kai takwas, uku ne za su yi aikin. Kada ku bar ɗalibai su zaɓi junansu a farkon zango. Abokai za su haɗe, sabon shiga da mai kunya su rage a gefe. Moodle da Canvas, manhajojin da makarantu ke gudanar da kwas a intanet da su, duk suna iya raba aji kai tsaye, ku kuma ku gyara inda ya kamata. A Moodle akwai bambanci tsakanin rukunai keɓaɓɓu, inda ba a ganin rubutun wani rukuni, da rukunai na bayyane, inda ana gani amma ba a sa baki. Don matakin huɗu-huɗu keɓaɓɓu sun fi, saboda ɗalibi ya fi sakin jiki ya faɗi ra'ayin da bai nuna ba a gaban mutum uku.

Ku bar rukuni ya zauna mako uku zuwa huɗu kafin ku sake rabo. Sabo a intanet yana ɗaukar lokaci.

Sannan ku raba aikin jagoranci, tunda ba za ku iya kasancewa a rukuni goma sha biyar ba. Mutum ɗaya mai buɗewa: shi zai fara magana a ranar farko ta matakin rukuni. Ɗaya mai tsokaci: aikinsa ya kawo hujjar da ta saɓa wa inda rukuni ya karkata. Ɗaya mai tattarawa: shi zai rubuta matsaya. Ɗaya mai kula da lokaci: shi zai tuntuɓi wanda ya yi shiru. Ayyukan su riƙa zagayawa kowane mako, kuma jadawalin zagayen ya kasance a rubuce inda kowa zai gani.

Gargaɗi: kada ku raba rukunai kafin rajista ta lafa. Wanda ya yi rajista ya janye zai bar muku rukunin mutum biyu. A makon farko ku yi aikin gabatar da kai mai sauƙi, ku ga waɗanda suka shigo da gaske, sannan ku raba.

5. Ku kulle amsar farko

Minti ɗayan nan na shiru a aji, makwafinsa a intanet saiti ne. A Moodle ku zaɓi nau'in zauren tambaya da amsa, wanda ɗalibi ba ya ganin amsoshin wasu sai ya saka tasa. A Canvas akwai akwatin da ake dannawa wanda ke wajabta wa ɗalibi ya rubuta kafin ya ga na sauran.

Akwai ƙananan tarkuna biyu a nan. A zauren Moodle ɗin, ku ne za ku buɗe maudu'in ku saka tambayar, ɗalibai su amsa a ƙarƙashinta. Idan kuna aiki da rukunai keɓaɓɓu, ku tabbata tambayar ta je wa kowane rukuni. Kuma ɗalibi ba zai ga amsoshin wasu nan take ba, sai lokacin gyaran rubutunsa ya wuce, wanda a bisa saitin asali minti 30 ne. Ku faɗa musu haka, in ba haka ba saƙonnin "malam, ba na ganin komai" za su cika muku akwati. A Canvas kuwa, wasu ɗaliban sukan saka ɗigo ɗaya don ƙofa ta buɗe, su karanta na wasu, su dawo su gyara nasu. Ana iya kashe damar gyara ko goge rubutu a saitin kwas.

6. Ku rubuta umarnin kamar ba za a iya tambayar ku ba

Domin da gaske ba za a iya ba: ɗalibin da ya buɗe shafi ƙarfe ɗaya na dare ba shi da wanda zai tambaya. Umarnin kowane mataki ya ƙunshi dalili a jimla ɗaya, abin da za a yi, tsawonsa, inda za a saka, wa'adi, da kiyasin lokacin da zai ci. Ga samfurin matakin biyu-biyu:

"Manufar wannan mataki ita ce ka gwada ra'ayinka a kan na wani kafin ku je rukuni. Ka karanta amsar abokinka (sunayen suna cikin jadawalin rukunai). Ka mayar masa da jimla uku: 'Mun dace a kan...', 'Mun rabu a kan...', 'Tambayata gare ka ita ce...'. Ka saka a ƙarƙashin amsarsa kafin Laraba ƙarfe 11:59 na dare. Ka dawo ka amsa tambayar da ya yi maka kafin Alhamis a wannan lokaci. Zai ɗauke ka kamar minti 20."

Waɗannan mabuɗan jimla su ne maganin "na yarda da kai". Ba wai ɗalibai ba su da abin cewa ba ne, da yawansu ba su san yadda ake saɓa wa aboki a rubuce ba tare da ɓata masa rai ba. Idan umarni ne ya ce a faɗi inda aka rabu, nauyin ya sauka daga kansu. A makon farko ku nuna musu amsa ɗaya mai kyau da ɗaya mai rauni a kan wani maudu'i dabam, ku faɗi abin da ya raba su.

Gargaɗi: ku buɗe shafin a waya, ta fuskar da ɗalibi ke gani, kafin ku sake shi. Umarnin da ya yi kyau a allon kwamfuta yakan zama dogon bango a waya, wa'adin yana can ƙasa inda ba wanda zai kai.

7. Kayan aiki da abin da za su ci

Abin da ake bukata bai wuce uku ba: zauren tattaunawa na manhajar makarantarku, takardar haɗin gwiwa irin ta Google Docs ko Word na intanet don matsayar rukuni, da kayan kaɗa ƙuri'a mai sauƙi. Moodle manhaja ce ta kyauta wadda makaranta ke girkawa a nata rumbun, kuma tana ɗauke da zaure, da ƙuri'a, da sashen da ɗalibai ke duba aikin junansu. Takardar haɗin gwiwa tana ajiye tarihin gyare-gyare, don haka za ku ga wanda ya rubuta me. Alluna irin su Padlet suna da kyau wajen baje aiki, amma na kyauta yana da iyakar yawan allunan da za ku buɗe.

Ku yi hattara da gina kwas a kan manhajar waje. A 2024 Microsoft ta rufe Flip, wadda malamai da yawa suka dogara da ita wajen tattaunawa ta bidiyo, Google ma ta rufe allonta na haɗin gwiwa, Jamboard, a ƙarshen 2024. Duk abin da ya shafi maki ku ajiye shi a manhajar makaranta, kuma ku duba dokar makarantarku game da bayanan ɗalibai kafin ku sa su buɗe asusu a wani wuri.

Bidiyo yana cin data, yana kuma bukatar wuri mai shiru wanda ba kowa ke da shi ba. Ku bar shi a matsayin zaɓi: rubutu, ko sauti na minti biyu, ko bidiyo. Idan ku kuka yi bidiyo, ku haɗa da rubutaccen abin da kuka faɗa saboda masu matsalar ji da masu raunin intanet.

Babban kuɗin da za ku biya lokacinku ne. Ku yi lissafi: aji mai ɗalibi 60, kowa ya rubuta kalma 150, kalma 9,000 ke nan a matakin farko kaɗai. Ba za ku iya amsa wa kowa ba, kuma bai kamata ba. Tsarin rukuni zai mayar da wannan zuwa matsaya 15 masu kalma 200, wato kalma 3,000, waɗanda za ku iya karantawa da natsuwa a zama ɗaya. Shirya makon farko shi ne mai nauyi. Bayan nan kwafa za ku riƙa yi kuna sauya tambaya.

8. Aikinku a tsakiyar mako

Ku ware lokuta biyu ko uku gajeru, kowanne washegarin wani wa'adi, ku kuma sanar da ɗalibai ranakun. A leƙawar farko abin da kuke nema shi ne wanda bai shigo ba. Ku aika masa saƙo shi kaɗai, ba a zaure ba: "Ban ga amsarka ba, lafiya dai? Rukuninku zai fara Juma'a, har yanzu kana iya shiga." Saƙon da ya zo a rana ta uku yana dawo da ɗalibi, wanda ya zo a mako na uku sau da yawa ya makara.

A leƙawa ta biyu ku shiga rukunin da ya yi sanyi ko wanda ya yi saurin daidaitawa, ku jefa tambaya ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne ku ɗaura maganganun ɗalibai biyu: "Ɗaya daga cikinku ya ce matsalar tana wajen waɗanda ba su da waya, ɗaya ta ce tana wajen 'ya'yan da za su cike takardar a madadin iyayensu. Maganin ɗaya zai warware ɗayan?" Sai ku janye.

Gargaɗi: kada ku faɗi ra'ayinku kafin rukunai su gama. Da zarar malami ya ce "wannan ita ce amsar", zance ya ƙare, sauran kuma za su jera a bayansa. Amma idan kuskuren ilimi ne ƙarara yake yaɗuwa, ku gyara shi da wuri, domin rubutu yana zama a shafi kowa na karantawa. Haka nan idan magana ta fara zafi: ku ɓoye rubutun, ku yi magana da mai shi a keɓe, sannan ku tuna wa aji ƙa'idojin da aka amince da su a makon farko.

9. Ku rufe makon

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma rashinsa ne ke sa ɗalibai su ɗauki tattaunawa a matsayin aikin cike gurbi. Sun yi mako suna rubutu, sai kawai sabon maudu'i ya buɗe. Ku rubuta rufewa mai kalma 250 zuwa 300, ko sauti na minti uku: ga hanyoyi biyu ko uku da aji ya bi, ga hujjar da ta fi samun ƙuri'a, ga inda ni nake ganin an yi kuskure da dalilina, ga tambayar da ba a warware ba wadda za ta kai mu darasi na gaba. Ku ambaci rukunai da sunansu, kuma ku riƙe jeri don kada rukuni ɗaya ya riƙa fitowa kullum.

Bayan rufewarku, ku ba kowane ɗalibi jimla uku ya rubuta wa kansa: me na lura da shi, me hakan ke nufi, me zan canza a amsata ta farko. Idan ya ajiye wannan kusa da abin da ya rubuta ranar Talata, shi da kansa zai ga tazarar.

10. Maki

Idan babu maki, masu aiki da yawa za su bar shi a ƙarshen jeri. Idan makin ya yi nauyi, kowa zai rubuta don ya burge malami, ba wanda zai yarda ya ce "ban gane ba". Shawarata ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na makin kwas, da ma'auni mai hawa uku a kowane mataki: an yi a kan lokaci kuma an bi umarni, an yi amma da giɓi, ba a yi ba. Kada ku auna amsar farko da daidai ko kuskure. Zurfin tunani ku auna shi a matsayar rukuni da jimla ukun ƙarshe. Ku yafe wa kowa mako ɗaya ko biyu mafi ƙarancin maki, hakan zai rage muku roƙon ƙarin lokaci.

Gargaɗi: kada ku ba da maki a kan yawan rubutu. Abin da kuka ƙirga shi za a kawo muku.

11. Sauran dabaru

Idan wannan ta zauna, akwai wasu da ke ɗaukuwa da kyau. Dabarar Jigsaw ta Elliot Aronson, wadda aka fara a 1971, mako biyu take so: a na farko kowane rukuni ya ƙware a kashi ɗaya na karatu, a na biyu a sake rabo yadda kowane sabon rukuni ke da wakili daga kowane kashi, kowa ya koyar da nasa. Raunin ta shi ne wakili ɗaya ya ɓace, don haka kowane rukunin farko ya bar rubutaccen bayaninsa a inda kowa zai samu.

Shawarar mutum uku, wadda ake kira Troika Consulting, ta dace da masu rubuta aikin bincike. A aji mai matsala yakan juya baya ya saurari abokansa biyu suna tattauna matsalarsa. A intanet sai ya rubuta matsalar, ya amsa tambayoyin fayyacewa a rana ɗaya, sannan ya yi shiru na awa 48 yana karantawa ba ya kare kansa, a ƙarshe ya faɗi abin da zai ɗauka. Akwai kuma dabarar juya tambaya: "Me za mu yi don mu tabbatar aikin rukuninmu ya lalace?" Kowa ya jera, sannan a tambaya wanne daga ciki muke yi yanzu. Ta fi aiki idan ba a ganin sunan mai rubutu.

Wasu kuma ba sa ɗaukuwa. Duk dabarar da ƙarfinta ke cikin sauri, kamar gaisawa da musayar abokin hira kowane minti biyu, ko wasan kwaikwayo na nan take, ku bar ta. Maudu'in da zai iya taɓa zuciyar wani, shi ma ya fi kyau a yi shi a zaman kai tsaye na ganin dama inda kuke nan don ku tare abin da ya taso.

12. Ku tambayi ɗalibai, ku gyara abu ɗaya

A ƙarshen mako na uku ku aika tambayoyi uku ba tare da suna ba: a wane mataki ka fi jin kana cikin aikin, a wanne ka fi jin an bar ka, wane umarni ne ya rikita ka. Ku haɗa amsoshin da abin da manhaja ke nunawa game da ranaku da awannin da ake shiga. Idan rabin aji suna saka amsar farko a awa ta ƙarshe, watakila tambayar ta fito a makare, ku sake ta tun Asabar. Idan matsayar rukuni hannu ɗaya ne ke rubuta ta, tarihin takardar zai nuna, sai ku ƙara doka cewa kowa ya sa jimla ɗaya ta amincewa ko ta ƙin amincewa a ƙasanta. Ku gaya wa aji abin da suka faɗa da abin da kuka canza, sannan ku bar sabon tsarin ya yi mako uku kafin ku sake taɓa shi.